Gudun Legas: tsere ɗaya, lokuta huɗu

A lokacin da nake ba da labari, rajistar gudun fanfalaki na Legas kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Ka shiga shafinsu ta waya, ka cike suna da shekaru da lambar wanda za a kira idan ka faɗi a hanya, ka zaɓi kilomita 42 ko 10, shi ke nan. Wannan arhar ce ta sa duk shekara, da zarar an buɗe, zaurenmu na WhatsApp ke cika da hotunan shaidar rajista, kowa na cewa bana da shi za a yi. Kafin Janairu ta ƙare sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan biki ya taso masa, wancan gwiwa ta motsa, wancan kuma oga ya hana shi hutu. A shekarar da nake ba da labari, mu huɗu muka rage.

Mu ba 'yan wasa ba ne. Akwai mai shagon atamfa a Kantin Kwari, akwai ma'aikaciyar jinya da ke gudunta cikin hijabi da dogon wando kuma ba ta fashi, akwai ɗalibai, akwai ni mai koyar da lissafi a sakandare. Bayan sallar asuba muke haɗuwa wajen Kabuga, mu miƙe titin Gwarzo zuwa sabuwar Jami'ar Bayero mu juyo kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Babbanmu tsohon soja ne da ya yi gudu a bariki tun muna yara, Baba Sajan muke ce masa, kuma littafi a hannunsa yake. Littafin rubutu ne mai bango mai kauri, an ja layuka da biro: suna, kilomita 5, kilomita 10, rabin zango wato 21, sai cikakken 42. A kowane gida an rubuta mafi kyawun lokacin da mutum ya taɓa yi, abin da masu gudu ke kira PB. In ka karya naka, sai a soke tsohon da layi ɗaya a rubuta sabo a samansa. Ba a gogewa.

Da can da baki ake shiga littafin. Ka zo ka ce jiya ka yi kaza, a rubuta. Abin da ya kawo ƙarshen haka wani gudun kilomita 10 ne da aka shirya a wani gari nan kusa, an buga fosta, an raba riguna, manya sun halarta. Ranar kowa ya karya PB. Alhajin Kwari, wanda bai taɓa sauka ƙasa da awa ɗaya ba, ya gama a minti 54. Zaure ya kaure da barka da Masha Allah har azahar. Sai da yamma wani ɗalibi ya ɗora hoton agogonsa, kilomita 9.1. Wani ya ɗora nasa, 9.2. Ashe da mota aka auna hanyar, aka kuma matso da wurin gamawa zuwa gaban rumfar manyan baƙi don su ga shigowar na ɗaya ba tare da sun tashi ba. Washegari Baba Sajan ya soke lokutan duka, ya kafa doka: ba abin da zai ƙara shiga littafi sai an yi shi a hanyar da aka auna awo na ƙa'ida, kuma sakamakon ya fito daga masu shirya tseren.

Dokar ta bar gidan 42 fayau a gaban sunan kusan kowa, kuma ita ce ta tura mu Legas. An fara gudun Legas a 2016, yawanci ana yin sa ranar Asabar cikin Fabrairu, kuma yana da tambarin hukumar wasannin guje-guje ta duniya, wanda ba a ba tsere sai an auna hanyarsa yadda ya kamata. Awon nan da keke ake yi. Ana ɗaura wa tayar gaba wata 'yar na'ura mai ƙirga juyi, ma'aunin Jones ake ce mata. Mai awo zai fara auna wani miƙaƙƙen titi da tef na ƙarfe, ya bi shi da keken don ya san ƙirga nawa ke ba da kilomita ɗaya, sannan ya bi hanyar tseren ta layi mafi gajarta da ɗan'adam zai iya bi, yana yanke kowace kwana. Bayan haka a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don kada hanyar ta gaza, wato kusan mita 42 a kan kilomita 42.195. Na kawo wannan tun yanzu ne domin rigimar da muka yi daga baya a kansa ta tsaya.

Atisaye mun fara shi tun ƙarshen damina. Tsakiyar mako gajerun gudu, ƙarshen mako kuma dogo, ana ƙara masa tsawo sannu a hankali har ya kai kilomita 30 da ɗoriya. Takalmi a gwanjon Ƙofar Wambai na saya. Ana danna tafinsa da babban yatsa a ji ko sauran laushi, a duba dunduniya ko ta ci gefe ɗaya, sannan a ɗauki wanda ya ɗara ƙafa kaɗan, don ƙafa kumbura take yi in tafiya ta yi nisa. Abin zuƙa na leda da 'yan gudun waje ke sha a hanya ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka koma dabino da zuma da garin gishiri da sukari na kemis. Ana cire ƙwallon dabinon tun a gida, don mai haki ba ya iya tsayawa tofar da ƙwallo.

Matsalar ɗan Kano da gudun Legas ita ce hunturu. Duk dogayen gudunka a Disamba da Janairu za ka yi su, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, iska a bushe, leɓe na tsagewa, hanci na cika da ƙura. Amma jiki daɗi yake ji. Gumi na fitowa iska na shanyewa, sai ka gama kilomita 25 rigarka ba ta jiƙe ba, gishiri kawai ya yi fari a wuya. Sai ka ɗauka kai wani ne. Baba Sajan ya san wannan, shi ya sa a makonnin ƙarshe ya hana mu fita da asuba ranar dogon gudu, ya ce sai rana ta ɗaga, kuma da riga biyu. Wani mai shayi a bakin titi ya gan mu muna wucewa da hantsi cikin rigunan sanyi, ya ɗaga murya ya ce, "Bayin Allah, wa ya biyo ku?"

Ni kuma da yake lissafi sana'ata ce, na zauna na yi nawa. Akwai wata ƙa'ida da wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar a 1977, da ake hasashen lokacin dogon tsere daga na gajere. A taƙaice, in tsawo ya ninka biyu, lokaci yakan ninka biyu da ɗan ƙari, kusan 2.09. Rabin zangona mafi kyau awa 1 da minti 56 ne. Na buga, ya ba ni awa 4 da minti 2. Na kai wa Baba Sajan takardar da murna. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Malam, wannan Baturen naka ya taɓa hawa gadar Legas da ƙarfe tara na safe?" Na ce ban ji ba, Baba. Ya ce, "To ƙara rabin awa, ka ajiye a aljihu."

Shi bai bi mu ba, gwiwa ta hana shi doguwar mota. Mu maza uku muka hau babbar motar dare daga Sabon Gari da sauran kwanaki kafin Asabar, don ƙafa ta samu ta sace daga kumburin zama. Malama mai jinya ta bi jirgi da yayanta, ita na kilomita 10 ta yi rajista. Mun sauka a Idi-Araba wajen wani ɗan'uwan Alhaji, unguwar da in ka rufe ido ka saurari hira sai ka rantse kana Fagge, ga ta kuma kusa da Surulere inda aka fara tseren a shekarar.

Lambar ƙirji a filin wasa na Teslim Balogun muka karɓa, daura da babban filin wasa na ƙasa. Ka nuna shaidar rajista da katinka, a miƙo maka lamba da riga. A bayan lambar akwai wani siririn abu manne, shi ne cif ɗin da ke ɗaukar lokaci. Wanda ya ba ni ya ja kunnena kada in naɗe ta, kada in sa ta a aljihu, kada in rufe ta da wata riga. A nan ɗalibinmu ya ga wani sabon takalmi ana sayarwa, idonsa ya rufe, ya kira Baba Sajan yana neman shawara. Ina jin muryar dattijon daga wayar: "Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ka zo da shi, shi za ka sa." Da daddare shinkafa muka ci da miya ba yaji, muka maƙala lambobi a riguna da fil, muka yanka filasta don kan nono, muka ajiye basilin kusa. Wanda bai taɓa dogon gudu cikin gumi ba zai yi dariya, amma jiƙaƙƙiyar riga in ta yi awa uku tana gugar fata jini take fitarwa.

Mun isa bakin filin da duhu. Aka samu kwali aka shimfiɗa a gefen shinge, muka yi sallar asuba tare da wasu 'yan Ilorin da wani ɗan Zariya da ya ji Hausa ya matso. Can gaba an ware wa ƙwararru wurinsu, 'yan Kenya da Habasha sirara suna ɗan tsalle-tsalle, kusa da su kuma 'yan Filato, waɗanda su ke yawan lashe rukunin 'yan ƙasa. Bayansu sai mu, tarin jama'a iya ganinka. Akwai mai wandon jins, akwai mai takalmin ƙwallo, na ga mai silifas. Da aka buga bindiga ƙarfe shida da rabi, mu da ke baya ko motsi ba mu yi ba. Sai aka fara tafiya kafaɗa da kafaɗa, sannan sassarfa, har muka taka wata shimfiɗar roba da aka gitta a titi, na'ura na ta ƙara ƙit-ƙit-ƙit. A nan na danna agogona. Minti biyu da daƙiƙa 34 sun riga sun wuce a agogon tsere.

Kilomitocin farko gudun kauce wa mutane ne. Samari suka fyalla kamar tseren mita ɗari, kafin mu wuce Ojuelegba mu hau titin Ikorodu sosai wasunsu sun riƙe ƙugu suna tafiya. Na riƙe minti shida da 'yan daƙiƙu a kowace kilomita. Tun kafin rana ta fito rigata ta jiƙe sharkaf, abin da ban taɓa gani ba a titin Gwarzo. Iskar Legas ba ta shan gumi. Ji kake kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo an ce ka yi gudu a ciki, gumin yana zuba ne kawai ba ya sanyaya komai.

Daga Anthony aka karya zuwa Gbagada da Oworonshoki, sai gada. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, an buɗe ta a 1990, kuma a wancan lokacin ranar tsere ce kaɗai za ka taka ta da ƙafa ba mota ko ɗaya. Da farko abin sha'awa ne. Ruwa hagu da dama, masunta a kwalekwale suna jefa raga, Jami'ar Legas can a dama, gaba kaɗan gidajen Makoko a kan turaku cikin ruwa, hayaƙi na tashi. Mutane suna tsayawa ɗaukar hoto. Amma gadar ba ta da inuwa ko ta sandar fitila mai kauri, ba 'yan kallo, ba kiɗa, ba mai ce maka sannu. Rana ta fito ta hagu ta tsaya a kunci ɗaya. Abin da kake ji sai takun ƙafafu da numfashin na kusa da kai da ƙarar ƙarfen mahaɗar gada in ka taka. Ka ɗaga kai ka ga ta lanƙwasa can nesa, ka yi minti goma ka sake ɗagawa, tana nan yadda ka bar ta. A kowane teburin ruwa nakan ɗauki gora biyu, ɗaya ciki ɗaya ka, in tauna dabino ko ba na so.

Na kai rabin hanya a awa 2 da minti 9, ina kan gadar har lokacin. A 2020 David Barmasai ɗan Kenya ya gama tseren nan duka a awa 2 da minti 10 da 'yan daƙiƙu. Wato a daidai lokacin da nake murnar na raba hanya biyu, irinsu suna can suna goge fuska da tawul. Wannan lissafin bai kamata mutum ya yi shi a kan gada ba, amma malamin lissafi ba ya iya hana kansa.

Saukowa Ikoyi an samu bishiyoyi da mutane, rai ya ɗan dawo. Sai gadar Lekki da Ikoyi mai igiyoyi, wadda a hoto kyakkyawa ce, a ƙafa kuma hawa ce. Bayan na sauka cikin Lekki, wajen kilomita 31, abin da ake faɗa ya same ni. Jiki na ajiye sukarin da yake ƙonawa da sauri a tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta kai mutum ƙarshen kilomita 42. In ta ƙare sai a koma ƙona kitse, shi kuma a hankali yake ba da ƙarfi. Na san wannan a takarda. A titi kuwa, ji na yi ƙafafuna sun daina karɓar umarni, minti shida ya koma bakwai, bakwai ya koma takwas, ba tare da na yanke shawarar rage gudu ba. Sai sharaɓar hagu ta ɗaure tamau. Na dafa katangar wani gida ina miƙe ta, ina salati da ƙarfi.

Maigadin gidan, wani dattijo mai rawani da ganinsa ka ga mutumin Nijar, ya taso daga benci da butarsa. Ya ce, "Sannu ɗan'uwa. Daga ina?" Na ce daga Kano, Baba. Ya ce a'a, gudun daga ina. Na ce Surulere. Ya riƙe baki. "Surulere? Da ƙafa? Me suka ce za su ba ka?" Na ce ba komai, Baba. Ya dube ni, ya dubi sauran masu wucewa suna jan ƙafa, bai ƙara tambaya ba. Ya ce in sunkuya, ya juye mini ruwan butar a ƙeya, ya ce Allah ya kai ka lafiya.

Sauran hanyar ba ta da labari mai yawa. Gudu daga wannan sandar fitila zuwa waccan, tafiya zuwa ta gaba, a sake. Manyan motocin da ke kwasar waɗanda suka sare suna wucewa a hankali, mutane a ciki sun jingina kai da gilashi. Titin Ozumba Mbadiwe, cikin Victoria Island, sannan Eko Atlantic, filin da aka cike teku aka yi a inda Bar Beach take da, ba bishiya ko ɗaya. Agogona ya yi ƙara ya nuna kilomita 42.2 sun cika, na ɗaga kai, ƙofar gamawa tana can gaba, ƙarama. Sai da na ƙara kusan rabin kilomita na taka shimfiɗar ƙarshe. Babban agogon da ke sama yana nuna 4:41:52. Aka rataya mini lambar ƙarfe a wuya, na nemi gefen wata rumfa na zauna a ƙasa.

Da na kunna waya sai na tarar ina da lokuta huɗu. Na bindiga, 4:41:52. Na cif, daga taka shimfiɗar farko zuwa ta ƙarshe, wanda da ya fito a shafin sakamako ya zama 4:39:18. Na agogona a inda shi ya ga kilomita 42.195 sun cika, 4:35 da wani abu. Sai na manhajar Strava, wadda ta cire tsayuwata a katangar dattijon nan da wuraren shan ruwa, ta ba ni 4:33 a matsayin lokacin motsi. Tsakanin na farko da na ƙarshe kusan minti tara, kuma duka huɗun ba wanda za a ce ƙarya ne kai tsaye.

Ni ban ɗora komai ba tukuna, hannuna rawa yake yi. Ɗalibinmu ne ya riga kowa. Ya ɗora hoton agogonsa, 3:59:00, ya rubuta "Ƙasa da awa huɗu, Alhamdulillah!" Ga mai gudun sha'awa awa huɗu babbar iyaka ce, sai ka riƙe minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita tun daga farko har ƙarshe. Zaure ya ɗauka. Barka, tafi, wuta, wani har ya yi alkawarin tsire. Baba Sajan bai ce uffan ba sai bayan la'asar, ya rubuto layi ɗaya: "Yaro, lambar ƙirjinka nawa?" Da sakamako ya fito aka buga lambar, 4:02:15.

An kwana biyu ana ja. Yaron ya ce shi ƙafarsa ta yi kilomita 42.7, ga shi a agogo, don me za a ci masa rabin kilomita? Wasu suka goya masa baya, har da masu cewa ai hanyar ce ta yi tsawo. A nan na sa baki, don wannan fagena ne. Mai awo ya bi layi mafi gajarta, shi kaɗai a titi. Kai kuwa ka yi ta kauce wa masu silifas a Surulere, ka ratsa titi zuwa teburin ruwa ka dawo, ka zagaya kwana ta waje saboda cunkoso. Kowanne 'yan mitoci ne, amma a kilomita 42 suna taruwa. Ga mita 42 da aka ƙara da gangan. Ga shi kuma agogon GPS kansa ba tef ba ne, hasashe yake yi daga tauraron ɗan'adam, in ka shiga tsakanin dogayen benaye sai ya riƙa zana ka kana tsallaka titi kana dawowa alhali a miƙe kake. Kusan duk wanda ya yi tseren da aka auna daidai, agogonsa fiye da 42.2 zai nuna. In ya nuna ƙasa da haka, a nan ne ya kamata hankali ya tashi, kamar yadda ya faru da mu a wancan garin.

Baba Sajan kuma ya ja ta ɗaya gefen. Shi lokacin bindiga yake so a rubuta. Ya ce a zamaninsu bindiga ɗaya ce agogo ɗaya, wanda ya tsaya a baya shi ya so. A nan ban bi shi ba, kuma na faɗa masa da ladabi. Lokacin bindiga na masu neman kyauta ne, don a san wanda ya riga wani shiga, kuma su a layin gaba ake tsayar da su. Mu da aka jera a baya, minti biyu da rabi da muka yi muna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin mu kai layin farawa ba ya cikin kilomita 42. Manyan tseren duniya irin na Boston ma da lokacin cif suke karɓar masu neman gurbi. Ya ce, "Malam, kai ma don minti biyunka kake wannan dogon bayani." Na ce har da shi, Baba. Ya yi dariya ya yarda da cif.

Wani zai ce mutanen da ba za su taɓa cin ko sisi ba, me ya kai su wannan tsanani a kan minti uku? A ganina mu ne ma muka fi bukatarsa. Ɗan Kenya yana da abokan karawa a gefensa, ido na ganin wanda ya riga. Mu abokin karawarmu shi ne lokacinmu na bara. In yaron nan ya rubuta 3:59, bashi ya ci wa kansa. Baɗi zai iya dawowa ya fi bana gudu, ya yi 4:00:30 na gaskiya, ya koma gida da baƙin ciki yana ganin ya ja baya, alhali ya ci gaba da kusan minti biyu. Da na faɗa masa haka a gefe, ba cikin zaure ba, ya yi shiru, daga baya ya goge hoton da kansa ya ɗora na shafin sakamako.

Alhajin Kwari bai gama ba. A kilomita 28 jiri ya ɗebe shi, ya hau mota. Shi ne ya fi burge ni a ranar, don ba wanda ya tambaye shi, da kansa ya rubuta: "Ni dai ban kai ba. Na sauka a 28, ina lafiya." Baba Sajan ya rubuta masa a gidan 42 da fensir, Legas, 28. Malama ta gama kilomita 10 ɗinta a awa 1 da minti 4, ta rage minti uku daga nata, kuma ita kaɗai ce a cikinmu ba a yi gardama a kan lokacinta ba, don ba ta da agogo.

A gida kuwa tambaya ɗaya ce. Na je gaida Hajiya ina ɗingishi, na nuna mata lambar ƙarfe, ta juya ta a hannu ta ce, "To na nawa ka zo?" Na ce Hajiya ba a ƙirga irin namu haka, awa huɗu da minti 39 na yi. Ta ce shi na ɗayan fa? Na ce awa biyu da 'yan mintoci. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe har ya yi wanka ya ci abinci kana hanya." Ƙanena ya ji a rediyo cewa na ɗaya a shekarun farko dala 50,000 ake ba shi, ya tambaya ko mu ma ana ɗan yafa mana. Na ba su labarin Emmanuel Gyang da matarsa Deborah Pam, 'yan Filato, waɗanda a 2020 miji ya zo na ɗaya a 'yan Najeriya maza, matar ta zo ta ɗaya a 'yan Najeriya mata. Na gaya musu ɗan gudun Najeriya Abbas Mohammed ya yi kilomita 42 a 2:16:06 tun 1990. Hajiya ta ce su wannan sana'arsu ce, Allah ya ba su sa'a, kai kuma ka nemi man zafi.

Saukowa daga bene da baya-baya na riƙa yi a makon farko, farcen babban yatsa ya yi baƙi daga baya ya fita. Da muka dawo titin Gwarzo sai aka fara maganar gidan kilomita 10, wanda tun soke-soken nan yawancinmu ba mu cike ba. Wasu suka kawo Okpekpe ta jihar Edo, da ake yi a watan Mayu, hanyarta a aune take. Waɗanda suka san wurin suka ce tuddai ne, ana zuwa don tseren amma ba don PB ba, ga kuɗin mota. Baba Sajan ya ce ba sai an je ko'ina ba. A nemi izinin shiga filin wasa mai layukan gudu da sassafe, zagaye ɗaya mita 400, zagaye 25 kilomita 10 cif. Shi zai riƙe agogo, kowane mai gudu a ba shi mutum ɗaya mai ƙirga masa zagaye da ƙwallayen dabino, yana ɗauka daga wannan aljihu yana sawa a wancan. Ya ƙara da cewa duk wanda ya bar layin ciki ya koma na biyu, ya sani kusan mita bakwai yake ƙara wa kansa a kowane zagaye, kuma ba wanda zai rage masa.